Allah Ya Ja Zamanin Dillalin Waya

A tafa masa, jama'a. Mutumin da ya ɗauko dillancin gidaje daga kan benci a gindin darbejiya ya zuba shi cikin wayar kowa ai ya ci a tafa masa. Kada ma ku kira shi dillali, ku zubar masa da girma. A shafinsa na TikTok da Instagram "shugaban kamfani" ya rubuta, kuma bai yi ƙarya ba: shi ne shugaba, shi ne sakatare, shi ne masinja, ofishin kuwa yana cikin aljihun rigarsa.

Ku dubi fitowarsa. Shadda ta sha bugu, zanna bukar ta zauna daram, ɗan makirufo maƙale a wuyan riga, ya jingina da motar da aka ba shi aro na awa biyu. Yaro na binsa da kyamara, jirgi maras matuƙi na shawagi a sama. Sai sallama, sai "masoyana", sai albishir: fuloti hamsin-hamsin, minti biyar zuwa bakin titi, saura uku kacal, wanda ya riga ya rigaya. Wata shida ke nan ina ganin wannan talla, ukun nan ba su ƙare ba. Idan wannan ba albarka ba ce, mece ce? Minti biyar ɗin ma daidai ne, da jirgin aka auna.

Ku tuna irin wahalar da tsohon dillali yake ba mutane. Ka zo da kuɗinka a hannu, zuciyarka ta kwanta da gida, sai ya ce maka: "Alhaji, dakata. Gidan nan na gado ne, magada bakwai, ɗaya tana aure a Damagaram, ba ta sa hannu ba." Ka nuna fili, ya ce wancan da damina agwagi ke wanka a ciki. In ciniki ya faɗa, sai ya ja ka gidan mai unguwa, a kira maƙwabcin gabas da na yamma su nuna iyaka, a zaunar da shaidu, a rubuta takarda, a shafa fatiha, sannan ya karɓi la'adarsa. Duk wannan jan rai saboda me? Saboda ka san ƙofar gidansa, ka san surukansa, kuma gobe da asuba sahu ɗaya za ku tsaya. Na zamani ya raba mu da wannan ƙaƙa-ni-ka-yi. Ba shi da ƙofar gida, lambar waya gare shi. Ita kuwa lamba ba ta jin kunya, kashe ta ake yi.

Ga sanin lokaci. Bai taɓa ɗaukar hoton fili a watan Agusta ba, don kada takalmin masu kallo ya ɓaci. A Maris yake zuwa, lokacin da fadama ta bushe ƙayau, ta kwanta sumul kamar filin idi. Gidan haya kuwa, yana da wani irin ido na kyamara da ke mayar da ɗakin da katifa ke cika shi ya koma falon gwamna. Lambatun da ke bayan taga da tsagewar da ke jikin katanga ba sa fitowa, saboda shi mutum ne mai rufa asiri. Kafin ka je ka gani da idonka kuma akwai kuɗin gani, akwai kuɗin fom, ban da kashi goma na la'ada. Ilimi ai ba kyauta ba ne.

Sai babbar hidimarsa ga al'umma: ya hutar da mu karatun doka. Tun 1978 Dokar Amfani da Filaye ta sanya ƙasar kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana, takardar shaidar mallaka ma izinin zama ce, galibi na shekara 99. Mai son ya san asalin fili sai ya taka zuwa ofishin filaye, wato KANGIS a Kano, ko KADGIS a Kaduna, ko AGIS a Abuja, a buɗe masa fayil. Sai ya bambance awon gwamnati da awon igiya, ya tambayi ko hukumar tsara birni ta KNUPDA ta san da wannan yanka, ko kuwa hanya ce aka tsara za ta ratsa ta tsakar gidansa. Kanawa sun ga rusau da idonsu a watan Yunin 2023, lokacin da katafila ta shiga tsohon otal ɗin Daula da shagunan Filin Idi. Wani zai zaci daga nan za a riƙa tonon takarda kafin a fitar da ko sisi. Jarumin namu ya tattara wannan dogon zance ya mayar da shi kalma uku: "Takardu sun cika." Kuma sun cika ɗin. Na ga ɗaya, mai ruwan gwal a gefe, ga tambarinsa, ga hotonsa yana murmushi. Ta gwamnati ma ba ta kai ta kyau ba.

Tsoron Allah kuwa sai dai a koya a wurinsa. Kowace Juma'a yana aiko da addu'a, lambar wayarsa a ƙasa. Da azumi yana raba kunu, kyamara a gaba. Yanzu har makaranta ya buɗe, yana karɓar kuɗin samari marasa aiki yana koya musu "gina suna": yadda za su tsaya, yadda za su yi murmushi, ƙarfe nawa za su saki bidiyo. Darasin yadda ake duba fayil bai shiga manhaja ba tukuna.

Gwaggona tana cikin waɗanda suka amfana. Shekara talatin da biyar tana koyarwa a firamare, ta jira garatutinta har ta fara cire rai. Da kuɗin suka fito, 'yarta ta nuna mata bidiyon a waya. Ta ce yaron nan da gani ɗan mutunci ne, ji yadda yake ambaton Allah. Ta ba da kafin alƙalami, bayan sati biyu ta cika, ya ɗauki hoto da ita tana riƙe da takarda, ya saka a shafinsa ya rubuta "Mamanmu ta zama mai fili."

A watan Agusta na raka ta ta ga inda za a sa harsashi. Mai adaidaita ya sauke mu inda kwalta ta ƙare, muka yi tafiyar da ta fi rabin awa. Ta tattare zaninta, ruwa har gwiwa, tana laluben turakun iyaka da ƙafa. A kan tudu muka tarar da wani dattijo, shi ma da takarda mai ruwan gwal a leda. Muka haɗa biyun, lambar fuloti ɗaya. Ta kira, waya a kashe. Ta ce, "Ɗan nan, gwada da taka, ƙila tawa ce ba sabis." Na gwada.

Da daddare, ina gida, sai ga sabon bidiyonsa ya shigo. Sabuwar shadda, sabuwar lamba, sabon yanka a wata hanyar. Saura uku kacal.