Kanal Biyu, Jam'iyya Ɗaya

Mu dai a nan Rumbu, in aka ambaci mai neman shugabancin ƙasa, ba ma fara tambayar me ya karanta ko me ya gina. Tambayarmu ta farko ita ce, ya taɓa sa kaki? In aka ce e, sai dattawa su gyara zama, ana gyaɗa kai ana cewa ai wannan namiji ne. Wane fagen daga ya je, wa ya kora, wa ya kore shi, babu mai bin diddigi. Kuma abin dariya, ba mu ke tsayar da ɗan takara ba. Lokacin da ake siyasar jam'iyyu, wakilan jam'iyya ne ke taruwa can su fitar da nasu, mu sai dai mu ji a rediyo. Duk da haka ko a fada ko a kasuwar Sakabal, gardamar da muke yi kai ka ce ƙuri'ar na cikin aljihunmu.

Tsohuwar gardamar da ba ta mutuwa ita ce ta 1991, lokacin da MNSD-Nassara ta zo zaɓen shugabanta. Kanal biyu ne suka ja daga: Tandja Mamadou da Moumouni Adamou Djermakoye. Dukansu da su aka yi juyin mulkin Seyni Kountché na 15 ga Afrilu 1974 da ya kifar da Shugaba Diori, dukansu sun riƙe minista. Tandja ya yi nasara, Djermakoye ya fice ya kafa ANDP-Zaman Lahiya.

"Ai dole Tandja ya ci," in ji wani dattijonmu da bai yarda a taɓa Tandja ba ko da wasa. "Shi ya riƙe Maraɗi zamanin Kountché. Mutumin da in ya ce a yi, an yi."

Wani malamin makaranta, sa'an ƴaƴansa, ya ce, "Baba, Allah ya ba ka haƙuri, ku da kuke cewa jarumi, wane yaƙi kuka sani nasa in ba na daren da aka kifar da Diori ba? A wannan kuwa ai tare suke da Djermakoye."

Baba ya ce yaran yanzu ba su da kunya. Amma bai ba da amsa ba.

Ni a ganina malamin ya taɓo wurin. Kakin ɗaya ne, saboda haka ba shi ya bambanta su ba. Abin da kowa ya yi da hankalinsa daga baya ne ya raba su. Rabuwar ma ta ci jam'iyyar: a 1993 Tandja ya zo na ɗaya a zagayen farko, Djermakoye ya mara wa Mahamane Ousmane baya tare da sauran ƴan ƙawancen AFC, farar hula ya haye kujera. Sai a 1999 Tandja ya samu.

Kuma in za a faɗi gaskiya, ya yi aiki. Ajujuwa, ɗakunan shan magani, rijiyoyi, bashin mata, duk na shirinsa na musamman ne, kuma karkara ta gani a ƙasa. Shi ya sa har yau ake kiransa Baba Tandja. To amma a 2005, shekarar da fara da ƙarancin ruwan daminar baya suka bar rumbuna wayam, tiyar hatsi ta gagari talaka, likitocin MSF na karɓar yara masu tamowa a Dakoro, shi wannan Baba ya fito ya ce babu yunwa a Nijar. Matanmu ba su manta wannan ba, ko da mu maza mun iya kau da kai in an zo wurin. Taurin kan da muke yabo a jikin soja shi ne dai ya hana shi jin magana a shekarar, shi ne kuma ya kai shi ga tazarce a 2009. Djermakoye kuwa, wanda aka kayar a 1991, wajen zanga-zangar ƙin tazarcen ya yanke jiki ya faɗi a Yamai cikin watan Yuni, bai tashi ba. Ranar 18 ga Fabrairu 2010 sojoji suka ɗauke Tandja daga fada.

Kar a ce mu kaɗai ne. Maƙwabtanmu na Najeriya, a zaɓen fidda gwani na APC a Legas cikin Disamba 2014, Janar Buhari suka ɗauka suka bar Kwankwaso da Atiku, suna cewa wanda ya fatattaki sojan Chadi a 1983 ba zai gaza da Boko Haram ba. Ƴan cin raninmu da suka dawo daga Katsina da Zamfara a shekarun da suka biyo baya sun ba mu labarin yadda hanyoyi suka koma.

Inda na fi jin daɗin kama mutanenmu shi ne batun Salou Djibo. Soja ne cikakke. Ya karɓi mulki a 2010, ya ce zai mayar, ya kuma mayar a Afrilun 2011 ba tare da an ja rigarsa ba. Baré, wani sojan da ya karɓi mulki, bai yi haka ba: shi a 1996 ana cikin ƙirga ƙuri'a ya rushe hukumar zaɓe. In kaki muke so, ga kaki. In hankali muke so, ga wanda ya san lokacin sauka. Da Salou Djibo ya tsaya takara a Disamban 2020, ko kashi 5 cikin 100 bai samu ba a ƙasar baki ɗaya.

Malamin ya tuna wa dattijon namu wannan, ya ce, "To Baba, ku masu son soja, me ya hana ku zaɓe shi?"

Baba ya kurɓi shayinsa ya ce, "Kai yaro, mutumin da ko sukari bai aiko mana ba lokacin kamfe?"