Ranka Ya Daɗe, Cak

Duk wanda ya fara kiran takardar bankin nan ta biyan kuɗi da suna cak, Allah Ya yi masa albarka, ya san abin da ya gani. Bature ya zo da nasa sunan, bakin Bahaushe ya murɗe shi, sai ga shi ya faɗa daidai kan halin mai sunan: kuɗi in ya shiga hannunsa, tsayawa yake yi cak. Yau yabonsa na zo yi, musamman kan hidimar da yake wa yaranmu masu neman abinci ta intanet, domin na lura ba a gode masa yadda ya kamata.

Dattijo ne, kuma dattijo ba abin rainawa ba ne. Tun a ƙarni na 10 matafiyin nan Ibn Hauƙal ya ba da labarin wata takardar bashi da Larabawa ke kira sakk, ta dinari 42,000, tsakanin wani attajiri na Audagust, a Muritaniya ta yau, da wani na Sijilmasa a Maroko. A wancan zamanin takarda rahama ce. Maimakon a labta wa raƙumi zinariya a keta Sahara ana fargabar 'yan fashi, sai a ninke warƙa guda a cusa a aljihu. Shekara dubu ke nan da ɗoriya, amma bawan Allah bai sauya tafiya ba. Takun raƙumin da ya taso da shi, shi yake yi har yau. Wa ya kai shi riƙon al'ada?

Ga shi gwanin tarbiyya. Yaro a Gusau ko Azare ya ci bashi ya sayi data, ya kai waya wurin mai caji saboda kwana uku babu wuta, ya raba dare yana fassara ko zane ko haɗa bidiyo. Kamfanin da ya ba shi aikin yana Amurka, kuma ba ya wasa da lokaci: an ce ƙarfe 12 na dare, to ƙarfe 12 ɗin ne. Yaro ya danna, kafin ya ɗauke yatsa aikin ya isa. To, da a ce ladan ma haka zai dawo, ai lalacewa yaron zai yi. Sai Cak ya shiga tsakani. A bari kuɗin su taru tukuna; dala 100 ce ƙa'idar da manya irin su Google da Amazon suka daɗe da sawa kafin a rubuta wa mutum takarda. Sun taru? Madalla. A jira wata ya ƙare, a rufe lissafi, a buga, a sa a ambulan, a miƙa wa gidan waya. Haƙurin da iyaye suka yi shekara ashirin suna ƙoƙarin cusa wa yaro bai shiga ba, Cak ya ɗura masa shi kyauta.

Sannan babu kamarsa wajen raya zumunci. Fom ɗin kamfani lambar gida yake nema, da sunan titi, da lambar shiyya. Gidan su yaron nan kuwa kwatancensa ake yi: bayan masallacin Juma'a, layi na biyu, mai darbejiya a ƙofa. Dole ya je ya durƙusa gaban kawunsa ma'aikacin gwamnati ya ari lambar akwatin gidan waya na ofishinsu. Daga ranar ya zama ɗan gida. "Kawu, ina kwana? Ba a ga saƙon ba?" "Tukuna dai, ɗana. Ka sake leƙowa jibi." Yaron da a da sai da salla ake ganin ƙeyarsa, ga shi yanzu sau uku a mako yana gaisuwa. Wane mai wa'azi ya taɓa cin wannan nasara?

Ranar da ambulan ya iso, in ya iso, ranar murna ce a gida. Uwa ta juya takardar, ta shafa, ta sa albarka. Washegari yaro ya yi wanka ya nufi banki, kuma a nan ne Cak ke nuna cewa shi ba a gaggawa da shi. Dala ce a rubuce, don haka sai an buɗe asusun dala, sai an samo mutum biyu masu asusu sun tsaya masa. Ba kowane banki ne ma ke karɓar cak na ƙasar waje ba. Ma'aikaci ya ɗaga takardar, ya dubi katin shaida: can an rubuta Mohammed, nan Muhammad. "Malam, wannan ai ba sunanka ba ne." Annabi ɗaya aka yi wa takwara, amma Cak mai tsantseni ne, harafi biyu sun isa ya ƙi sanin mutum. In an tsallake wannan, bankin ba zai ba da ko sisi ba sai ya mayar da takardar inda ta fito, ta hannun bankin da yake hulɗa da shi a can, an tabbatar akwai kuɗin. Ta keto teku ta zo, ta sake komawa. Aikin da ya yi tafiyar ƙiftawar ido, ladansa na safa da marwa na makonni tsakanin nahiya biyu. Kuma saboda Cak karimi ne, ba ya wuce kowa a hanya bai yanka masa rabonsa ba: bankin can ya cire, na nan ya cire, mai acaba ya karɓi nasa zuwa da dawowa. Abin da ya rage, shi ne na wanda ya yi aikin. In kuwa aka yi rashin sa'a takardar ta cika wata shida ba a shigar da ita ba, ta tsufa. Nan da Amurka duka banki ba dole ne ya biya ba. A koma layi.

Karimcinsa har ɓarayi bai bari ba. A Amurka ana sace wasiƙu daga akwatunan gidan waya, a wanke tawadar da sinadari, a sauya suna da adadi. Hukumar FinCEN ta baitulmalin ƙasar ta ce rahotannin zargin zambar cak da bankuna suka kawo mata sun haura 350,000 a 2021, suka haura 680,000 a 2022. Mutum guda ya rubuta, gari ya ci.

Sai dai duniya ta cika da butulai. Afirka ta Kudu ta sallame shi ranar 31 ga Disamba 2020. Manyan bankunan New Zealand suka bi sahu. Ita kanta gwamnatin Amurka, a Maris 2025 Donald Trump ya sa hannu kan umarnin a daina biyan mutane da cak daga 30 ga Satumba na shekarar, yana mai cewa yiwuwar a sace shi, ko ya ɓata, ko a sauya shi ta ninka ta kuɗin da aka tura ta na'ura sau 16. Ba'amurken da har yanzu ake rubuta wa cak kuwa, hotonsa yake ɗauka da waya ya shigar a asusu yana kwance a ɗaki. Girmamawar nan ta cikakkiyar tafiya, da jira, da durƙuso, mu aka keɓe wa.

Kada kuma a ce don ba mu waye ba ne. Tun 2011 ake tura kuɗi nan take tsakanin bankunan Najeriya. Mai shayin bakin layinsu yaron nan ba ya tambayar canji, cewa yake "tura kawai", kafin ƙwai ya soyu alat ya shigo. Lokacin da kamfanin tura kuɗi na PayPal ya shigo ƙasar a 2014, ƙofa ɗaya ya buɗe: ɗan Najeriya ya iya biya, amma ba ya iya karɓa. Kuɗinmu in zai fita, ba a taɓa tambayarsa lambar gida ba.

A nan yabon ya maƙale mini a maƙogwaro. Kamfanin da ya iya karɓar gumin yaro cikin daƙiƙa ya iya biyansa cikin kwana ɗaya in ya ga dama. Da ya zaɓi takarda, jira da kasada da kuɗin banki duka ya tattara ya aza wa wanda ya fi kowa rauni a cinikin, shi kuwa kuɗin na kwance a asusunsa har ranar da takardar ta gama yawonta. Haƙƙin ma'aikaci ne ake riƙewa, an naɗe shi a ambulan don ya yi kyan gani.

Yaron yana nan. Mai caji na binsa, mai data na binsa, maganin hawan jinin mahaifiyarsa saura na kwana biyu. Sabon aiki ya shigo da yamma, ana so kafin 12 na dare, kuma ya karɓa. Ranar Litinin da safe zai sake zuwa gaida kawu.