Masu Tarbar Sabon Abu, Daga Kwanar Ɗangora Zuwa Riruwai

Sabon abin da zai shiga kudancin Kano hanyarsa sananniya ce. Ya taso daga birni ko daga Zariya, ya yada zango a Kwanar Ɗangora, ya leƙa Kiru da Bebeji, sannan ya karya ya nufi Tudun Wada, ya ratsa dajin Falgore, ya isa Doguwa da Riruwai a gajiye. Haka takin zamani ya yi. Haka injin ban-ruwa ya yi bayan gwamnatin Audu Bako ta datse kogin Kano a Tiga, aikin da aka kammala a 1974. Wayar salula ta biyo sawu bayan 2001, sai maganin feshi, sai na'urar POS, yau ga farantin sola. Kaya suna ta sauyawa, amma masu tarbarsu mutanen nan ne dai na jiya.

Wanda ke riga kowa isa bakin hanya shi ne Sarkin Gwaji. Gonarsa a gefen titi take, shi ya sa malaman gona na hukumar KNARDA suke ƙaunarsa, don allon da za su kafa kowa zai gani. Da ƙungiyar Sasakawa ta kawo nata salon noman masara a shekarun 1990, shi ya ja igiya, ya jefa ƙwaya ɗaya tak a kowane rami, ya tona ya binne taki maimakon ya watsa. Gari ya taru yana dariya: "Ƙwaya ɗaya, Malam? In ɓera ya tone ta, wa zai gaje ta?" Wannan karon ya dace. Amma ka leƙa ɗakin shirginsa ka ga waɗanda ba su dace ba: injin da babu kayan gyaransa ko a Legas, fitilar da ta yi mako guda ta mutu, irin kankanar da ta yi yaɗo har gonar maƙwabci ba ta haifi ko ɗa ɗaya ba. Shi yake biya wa gari duka kuɗin makaranta, kuma ba wanda ya taɓa ce masa sannu. Wani Ba'amurke mai suna Everett Rogers ya fitar da littafi a 1962 kan yadda sababbin abubuwa ke yaɗuwa, ya ƙiyasta cewa irin wannan mutum biyu da rabi ne cikin ɗari. Rabin nan, a ganina, shi ne wanda ya saya ya ɓoye ƙarƙashin gado don kada a yi masa dariya.

Maƙwabcinsa kuwa Sai-na-gani ne, kuma su ne mafi yawa. Da rana shi ke jagorancin dariya. Da asuba, kafin a fito daga masallaci, yana cikin gonar Sarkin Gwaji yana auna tazarar shuka da tafin hannu. In aka yi kiciɓis, sai ya ce akuyarsa yake nema. Ba ya tambaya, don tambaya amincewa ce. Kaka ta yi, ya samu goyo biyu ya rataye a rumbu, baɗi ya shuka, ba tare da sanin cewa masarar aure ce ba, wadda ba ta maimaita kanta: 'ya'yanta sukan fito wannan dogo, wannan gajere, amfani ya ragu. Sai ya dawo majalisa da hujja a hannu: "Ai na faɗa muku, abin nan yaudara ce." Shi ne kuma ya sayi buhun nan na ajiyar wake mai ruɓi uku da ya fara shigowa wajen 2007, wanda duk dabararsa ita ce a ɗaure ledoji biyun ciki tam, iska ta ƙare wa ƙwari su mutu ba tare da magani ba. Mutuminka kullum sai ya kwance ya duba ko sun mutu. Ƙwarin suna godiya.

Kada a ce halin mutanenmu ne kawai. Mahaifin Rogers ɗin nan manomi ne a jihar Iowa, ya ƙi masarar aure ƙememe, sai da farin 1936 ya ƙone tasa alhali ta maƙwabci na tsaye, sannan ya sallama. Kuma in za a yi adalci, mai buhu goma a shekara ba ya caca da biyar. Wanda ke cewa manomi ya cika taurin kai, galibi albashi yake jira ƙarshen wata.

Akwai Ɗan Aro. Wannan ya yarda da kowane ci gaba, muddin wani ne ya saya. Injin feshin unguwa ya fi daɗewa a gidansa fiye da gidan mai shi. Yakan aiko yaro da sassafe: "Wai in ji Baba, in ba a amfani da shi." Ranar da ya ari injin da aka fesa maganin ciyawa da shi jiya, bai ɗauraye ba ya zuba maganin ƙwari ya bi gonar wakensa layi-layi, kwana uku ganye ya nannaɗe ya yi ja. Har yau bai yafe wa mai injin ba.

Shi kuma Likitan Gona bai yarda da abin da aka rubuta a jikin kwalba ba. An ce murfi biyu, shi gwangwanin madara yake cikawa, don a ganinsa ciyawar Tudun Wada ta fi ta ƙasar da aka yi maganin taurin rai. Yana haɗa kala uku a bokiti, ya gauraya da hannu, ya yi feshi iska na dawo masa da shi fuska, da yamma ya sha nono ya ce ya karya dafin. Bai karya komai ba, kuma wannan ɓangaren nasa ba abin dariya ba ne. Sai dai ɗan'uwansa na jini, Bakanike, shi ne gwarzon da ba a yi wa kirari. Da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, ban-ruwa ya nemi ya gagari talaka, irinsa ne suka riƙa sauya wa injin kafireto suna jona masa tukunyar gas ta girki. Duk na'urar da ta shigo, sai ya kwance ta ya ga hanjinta kafin ta zama 'yar gari. Kamfani ya ƙera, shi kuma ya koya mata zama da ƙura.

A teburin mai shayi za ka sami Mai Fashin Baƙi. Bai taɓa ganin sabon abin da babu wata a ƙasa a cikinsa ba. Takin Bature, in ji shi, yana cinye ƙasa. Nan kam yana da 'yar gaskiya, don gonar da aka yaye daga takin gargajiya takan gaji. Waya kuwa kunnen gwamnati ce. Da aka fara turo saƙon takin tallafi ta waya a 2012, zamanin Akinwumi Adesina yana ministan gona, sai ga shi da layi biyu, yana faɗa wai na uku bai shigo ba. Yanzu gargaɗin da yake yi kan sharrin waya, a WhatsApp yake tura shi, da murya, minti tara.

Ɗan Bita ba ya buƙatar dogon bayani. Yana da hula da riga na kowane shiri da ya taɓa zuwa yankin, ya iya tafi, ya iya sa hannu a takardar kuɗin mota. Irin da aka ba shi ya gwada yana kasuwa tun kafin malaman su kai Kwanar Ɗangora.

Wadda ba a gayyata bita ba ita ce ta cikin gida, kuma sau da yawa ta riga maigida nisa. Mai turara shinkafa a Tudun Wada ba ta yi wa kowa jawabi ba ranar da ta daina jiran dillali ya faɗa mata farashi. Ta kira 'yar'uwarta, ta ji yadda aka sayar a wata kasuwar, dillali ya zo da tsohon labari ya tarar an riga shi. Labarin sabon abu a wajen mata gidan biki yake bi da gidan suna, kuma ya fi motar shela sauri, domin mai ba da shi ta gwada a tukunyarta. Maigida na waje yana muhawara ko sola na da amfani, fitilar da yake cin tuwo a ƙarƙashinta da kuɗin adashi aka saye ta.

Can ƙarshen layi ga Baba, wanda ya rantse shi da banki sai a lahira. Yana da irin dawarsa tun na mahaifinsa, kuɗinsa na cikin gwangwani, gwangwanin na inda shi kaɗai ya sani. Ya ga zuwan abubuwa da yawa, ya kuma ga tafiyar wasunsu, don haka ba ya gaggawa. Ba malamin gona ne ya karya shi ba, ba rediyo ba. Canjin kuɗi ne. A farkon 2023, da aka sa wa tsofaffin takardun naira wa'adi, sababbin kuma suka yi ɓatan dabo, Baba ya kai masara kasuwa ya tarar kowa na cewa sai dai tiransifa. Ya dawo da ita gida. Mako na gaba ya koma da jikansa, ɗan aji uku a sakandare, wanda ya karanto lambar asusu da ka. Aka tsaya jiran alat, sabis ya ɗauke, Baba ya zauna a kan buhunsa ya riƙe gefen rigar mai saye har wayar ta yi ƙara.

Tun daga ranar, cinikinsa duka ta wayar yaron yake bi, yaron kuma ya zama mutum a gidan, har ana ajiye masa nama. Amma ka tambayi Baba ko ya shiga harkar zamani, sai ya gyara zama ya dube ka.

"Ni? Allah ya kiyaye. Yaron nan ne dai yake karɓa."