Zuwa ga Sarkin Tashar da Jirgi Ya Manta

Taubashina Na-Madori, Sarkin Ƙorafi. An ce har yanzu kana nan bakin layin dogo ka tara yara kana ba su labarin zamanin da duniya ke kwance, lokacin da ake jibge buhunan gyaɗa a garinku kamfanoni suna awo. Wai kai ba ka son sabon abu. To, bawan Allah, shi garin naku fa? Ba don an ja dogo daga Kano zuwa Nguru wajen 1930 ba, wa zai san Malam Madori? Kakan namu da kake tutiya da shi ai sabon abu ya biyo, ya ɗaure jakinsa ya hau jirgi yana ta kalmar shahada.

Fari ya zo a 1973, cuta ta gama da gyaɗa a 1975. Ka ce duniya ta tashi. Ba ta tashi ba, kai ma ba ka tashi ba, riɗi ka koma. Yau in masu sayen riɗi suka shigo kasuwa, duk ciwon gwiwar nan sai ya warke.

A 1991 da aka yanke Jigawa daga Kano, ka ce kai ba ruwanka da Dutse. Ranar rabon taki kuwa, babu ɗan Jigawa irinka.

Kan maganar ruwa dai ba zan zalunce ka ba, kana da gaskiya. Tun da aka datse Tiga a 1974, aka ƙara da Challawa a 1992, kogin Haɗeja ya daina bin lissafin da iyaye suka sani. Kachala ta toshe hanyoyin ruwa, jan-baki ya samu wurin kwana, fadamar da ake jira ta cika ta bushe, gonar da ba ta taɓa ganin ambaliya ba ta nutse. A ambaliyar 2022 na tausaya maka har zuciya, Allah Ya mayar da alheri. Amma wa ya rantse cewa shi da jigo mutu-ka-raba? Inji ya zo, ka ce ƙararsa na hana albasa girma, ka saya. Fetur ya yi tsada a 2023, ka ce sola kayan 'yan boko ce. Yanzu kullum da asuba kana goge farantinta da gefen rawaninka, kana hure ƙura, har da yi mata magana. Fuskarka ba ta samun rabin wannan gatan.

Sai batun kuɗi. "Abin da hannu bai taɓa ba ba kuɗi ba ne," in ji ka, har canjin kuɗi ya tarar da tsofaffin takardunka a ƙasan katifa. Ga ka yanzu gaban mai POS, ka cire hula kana leƙa lambar sirrin da ka rubuta a cikinta, rabin layi na karantawa tare da kai.

Kada ka murtuke fuska, Na-Madori, ka san in ba kai ba babu wanda zan yi wa wannan. Kuɗin sharar bana dai ka turo ta waya, ban karɓar uzurin babu sabis. Amsa kuma ka aiko da murya ta WhatsApp, na san jikarka ce ke danna maka.