Bazazzage, Ajiye Kanwar Nan

Bawana Bazazzage,

Labari ya iso Kano cewa ƙwarnafi ya hana ka barci, har ka fara tara 'ya'ya kana yi musu wasiyya, wai jifa aka yi maka daga wajenmu. Wa zai ɓata layarsa a kanka? Mu nan kasuwa ce a gabanmu. In ma jifan ne, to mai tsiren Tudun Wada ne ya yi shi, kuma da kuɗinka ka saya.

An kawo mini lissafin darenka. Bayan isha'i ka share malmala uku da miyar da manja ke iyo a kanta. Ƙarfe goma ka aika a sayo tsire, kana jaddada wa yaro a cika yaji. Ka kora da lemon kwalba, ka bi da shayi mai kauri da ɓarin goro, sannan ka miƙe a katifa. Ƙarfe biyun dare wuta ta taso daga ƙahon zuci zuwa maƙogwaro, ruwa mai tsami ya cika baki, ga gyatsa har maƙwabta na ji. Sai ka ce Kanawa.

Tunda ku ne masu tinƙaho da birnin ilimi, bari Bakano ya ɗora maka karatu kyauta, na yau kaɗai. A inda hanyar abinci ta haɗu da ciki akwai wata tsoka mai tsuke bakin wurin. Aikinta irin na sarkin ƙofa ne: ta buɗe abinci ya shige, ta rufe kada ruwan cikin nan mai tsananin tsami ya biyo baya. Shi ciki yana da majinar da ke kare bangonsa daga wannan ruwa, ita hanyar abinci ba ta da irin wannan kariya, shi ya sa ɗan kaɗan in ya hau sai ka ji kamar garwashi. Maiƙo da taba suna sa tsokar ta saki, shayi da goro ma suna taso wa mutane da yawa shi. In ciki ya cika taf sai ya turo ta, kwanciya kuma ta ƙarasa aikin, don babu sauran gangaren da zai tsare ruwan a ƙasa.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne kofin ruwan kanwar da ka ajiye a gindin gado. Gaskiya ne tana kashe tsamin nan take, shi ya sa kake rantsuwa da ita. Amma kanwa cike take da sinadarin sodiyam, irin wanda ke cikin gishiri, kai kuwa ga hawan jini kana fama. Abin kunyar ma, a garinku aka yi wannan karatun. A shekarun 1970 likitocin asibitin Jami'ar Ahmadu Bello, Davidson da Parry, suka rubuta kan ciwon zuciyar da ke kama masu jego a ƙasar Zazzau, suka alaƙanta shi da yawan shan kunun kanwa da kwanciya a gado mai wuta. Likitocin duniya sun karanta, kai da ke maƙwabtaka da asibitin ba ka ji ba. Ko jegon ne kake yi ba mu sani ba, mu aiko da kayan barka?

Shi kuma abokinka Bafulatani da ya ce ka riƙa kwankwaɗar madara, hajarsa yake tallatawa. Za ta sanyaya maka ƙirji na ɗan lokaci, daga baya maiƙonta ya sake taso da abin.

Ka ci abincin dare da wuri, ka bar tazarar awa 3 kafin ka kwanta, haka ma bayan sahur kada ka faɗa gado da loma a wuya. Rage malmalar, ka raba cin sau da yawa kaɗan-kaɗan. Sa bulo a ƙarƙashin ƙafafun gado na wajen kai ya ɗaga kamar santimita 15 zuwa 20. Tara matasai ba ya yi, lanƙwasa ka kawai zai yi ya ƙara matse cikin. Ka fara kwanciya ta dama ka yi addu'arka, in ka ji abin na tasowa ka juya hagu, ya fi lafawa a nan. Ka sassauta tazugen wando. Tumbin kuma a rage shi: tumbin giwa kirarin Kano ne, ba mu ce ku yi gasa da mu ba.

Omeprazole ɗin da kake haɗiya bayan wuta ta riga ta kama, ba haka ake shan sa ba. Da safe ne, kamar minti 30 kafin karin kumallo, kuma kada ka wuce kwana 14 kana sha ba tare da likita ya duba ka ba. Su ibuprofen da diclofenac da asfirin da kake saya a kemis don ciwon gwiwa, su ma ƙara hura wutar suke yi.

Nan wasa ya tsaya kaɗan. In abin ya wuce sau biyu a mako, ko loma tana maƙalewa, ko kana ramewa ba dalili, ko ka ga jini a amai ko bahaya ta yi baƙi, ka tafi asibiti. In kuwa ciwon ƙirjin ya zo da gumi da sarƙewar numfashi, yana sauka hannu ko muƙamuƙi, kada ka tsaya jiƙa komai, zuciya ce mai yiwuwa, a garzaya da kai a daren.

Asibitin Shika ba nisa gare ka. In kuɗin motar ne matsala zan ranta maka, amma sai an rubuta, da shaidu biyu, kuma kada a sa Bazazzage a cikinsu.

Ubangidanka,
Bakano