Buɗaɗɗiyar Wasiƙa zuwa ga Malam Kunne, Ma'aikacin da Ya Bar Aiki Babu Sallama

Zuwa ga Malam Kunne,
Tsohon Jami'in Karɓar Saƙonni,
Gefen Kai, Dama da Hagu.

Bayan gaisuwa mai yawa, wadda aka san ba za ta shige shi ba, waɗanda suka kurumce bayan sun girma suna sanar da Malam Kunne cewa an kammala bincike a kan yadda ya bar bakin aikinsa ba tare da rubuta takardar murabus ba, alhali yana nan maƙale a inda aka saba ganinsa, har baƙo ya ɗauka yana kan aiki.

Binciken ya yi masa adalci, domin ya gano cewa sau da yawa korarsa aka yi. A can cikinsa akwai wani ƙundu mai siffar katantanwa, wanda ke ɗauke da ƙwayoyin halitta masu gashi-gashi kimanin 15,000, waɗanda aikinsu shi ne mayar da girgizar sauti ta zama saƙon da jijiya ke kai wa ƙwaƙwalwa, kuma idan suka mutu ba sa sake tsirowa a jikin ɗan Adam. Abubuwan da ke kashe su sanannu ne a ƙasar Hausa: akwai sanƙarau, wanda annobarsa ta 1996 ta kama fiye da mutum 100,000 a Nijeriya, akwai zazzaɓin Lasa, wanda ke taɓa jin kusan ɗaya cikin huɗu na waɗanda suka warke, akwai allurai irin su jentamaisin idan aka yi su barkatai, sannan akwai ƙarar injin niƙa da janareto da ke cin ji a hankali. Abin da ba a yafe masa ba shi ne ƙugin da ya bari a madadinsa, wato amon da mutum ke ji dare da rana ba tare da wani abu ya yi motsi ba.

Ya kamata Malam Kunne ya san halin da ya jefa iyayen gidansa. Wanda ya kurumce da girmansa bakinsa garau yake, saboda haka dangi sukan yi shekara suna zargin cewa kunnen uwar shegu yake yi musu, kafin su koma ɗaga murya har jijiyar wuya ta fito, wanda ba ya ƙara komai sai murguɗe leɓɓan da ake ƙoƙarin karantawa. Karatun leɓe kuwa, wato gane magana daga motsin baki, rabinsa cinta ne, musamman a Hausa, inda hawa da saukar murya ke bambanta ma'ana kuma ba sa bayyana a fuska. Da haka mutum yakan haddace jerin gaisuwa ya riƙa jefa "lafiya lau" a duk inda ya ga baki ya tsaya, har ranar da za a sanar da shi rasuwa ya amsa da "madalla". Idan aka ɗauke wuta da daddare hira ta ƙare masa, idan aka yi dariya ya nemi dalili sai a ce masa "bari kawai, ba wani abu ba ne", a masallaci kuwa da wutsiyar ido yake bin na kusa da shi don ya san an yi ruku'u.

Ana farin cikin sanar da shi cewa an cike gurbinsa, kuma Malam Hannu da Malam Ido ne suka raba muƙamin. Maganar hannu, wadda kuramen ƙasar Hausa suka gada kaka da kakanni kuma masaniyar harshe Constanze Schmaling ta yi nazarinta a Kano, harshe ne mai cin gashin kansa, wanda kowace kalmarsa ke ginuwa daga siffar hannu, da wurin da aka ajiye shi, da motsinsa, da inda tafi ya fuskanta, da kuma yanayin fuska. A makarantu kuwa, irin ta Tudun Maliki da aka buɗe a Kano a 1977, an fi koyar da wanda ya samo asali daga na Amurka, wanda Andrew Foster, wani kurma baƙar fata ɗan Amurka, ya yaɗa bayan ya buɗe makaranta a Gana a 1957 da kuma Ibadan a 1960. Saboda haka sabon ɗalibi yakan tarar da harsuna biyu suna jiransa, na aji da na dandali.

Karatun ba shi da sauƙi ga wanda ya haura arba'in, domin yatsun da suka saba da riƙe biro ko fartanya sai an lallashe su, kuma malamin da ke gyara su sau da yawa yaro ne sa'an ɗansa, wanda ba ya ɓoye dariyarsa. Abin da ya fi wannan wuya shi ne tarbiyya. Bahaushen da aka rene shi a kan sunkuyar da kai gaban manya da haramcin nuna mutum da yatsa, yanzu dole ya kafe surukinsa da ido, domin kau da kai daidai yake da toshe kunne, dole ya nuna wanda ake zance a kansa, dole kuma ya ɗaga gira idan tambaya yake yi, saboda fuska a nan tana cikin nahawu. Duk da haka, a ranar da ya fara gane barkwanci tun kafin a maimaita masa, yakan fahimci cewa hira ce ya yi kewa fiye da sauti.

A nan ne babbar tuhumar take. Malam Kunne ya daɗe yana fakewa da cewa ya girmi kaka, yana nuna wa duniya cewa harshe mallakarsa ne shi da baki, har magoya bayansa suka taru a birnin Milan na Italiya a 1880 suka yanke cewa a koyar da kurame da baki zalla, aka kori hannu daga azuzuwa na tsawon shekaru masu yawa. Sai a 1960 William Stokoe na Kwalejin Gallaudet ya nuna cewa maganar hannu tana da tsari irin na kowane harshe, kuma a yau Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 23 ga Satumba don harsunan hannu. Ragowar magoya bayan nasa suna nan a asibitin da babu tafinta, da bankin da ke kiran layi da baki, duk da dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci da aka sa wa hannu a Nijeriya a 2019.

Bisa waɗannan dalilai an yanke cewa ba za a kori Malam Kunne daga harabar kai ba, amma an rage masa matsayi zuwa mai riƙe tabarau, da tokare hula, da ɗaukar 'yan kunne a ranar biki. Idan yana da ƙorafi yana iya gabatar da shi a gaban kwamiti, da sharaɗin ya zo da tafintansa, domin da hannu ake zaman.

Wassalam,
Waɗanda ya bari babu sallama.