Kwalin Disamba da Masu Gadinsa

A gidajen Kiristocin Turai da Amurka akwai wani kwali da ake cusawa a saman silin ko ƙarƙashin matattakalar bene, ya yi wata goma sha ɗaya babu mai ko kallonsa. Da Disamba ta kama sai a sauko da shi a hankali kamar ana sauke jariri daga goyo. Kayan adon bishiyar Kirsimeti ne a ciki: ƙwallayen gilashi, taurari, 'yan mala'iku, ƙararrawa, da wasu halittun da ko wanda ya ƙera su ba zai iya rantsuwa a kan ko mene ne ba. Baƙo zai ɗauka shara ce aka nannaɗe da tsohuwar jarida. Abin da nake son tabbatarwa shi ne, a cikin kwalin nan daraja ba ta bin kyau ko tsada, tana bin labarin da ke maƙale da abu, shi ya sa wanda ya fi koɗewa yakan zama sarki. Bahaushiyar da ta taɓa jera tasoshi da langa a ɗakinta, waɗanda ko ɗanwake ba a taɓa zubawa a ciki ba, ta san akwai kayan da aikinsu kawai a gan su a san gidan da mutum ya fito. Shaiduna kuwa su ne mutanen da ke kewaye kwalin duk shekara, domin kowannensu, har da mai neman a zubar da shi, yana ƙarfafa maganar tawa ko yana so ko ba ya so.

Ta farko ita ce Uwar Kwali, yawanci kaka ce, kuma ita kaɗai ke da izinin buɗe murfi. Za ta zauna a tsakiyar falo da tabarau a karan hanci, ta riƙa warware takarda ɗaya bayan ɗaya, kowane abu ya fito sai an karanta masa tarihinsa kamar maroƙi yana jero kakannin sarki. Jikokin sun ji labarin sau ashirin, amma wanda ya kuskura ya ƙarasa mata jimla ya ja wa kansa. Abin alfaharinta wani ƙwallon gilashi ne da fentinsa ya zube gefe guda, wanda take cewa kakarta ce ta ƙetaro teku da shi daga Jamus. Ba laifi, maganar tana da tushe. A garin Lauscha da ke dazukan Thuringia ne masu hura gilashi suka shahara da irin waɗannan ƙwallaye tun tsakiyar ƙarni na 19, iyali guda suna aiki a gida, wani na hurawa, wani na shafa ruwan azurfa a ciki, wani na fenti. Sai dai akwai wani ɓangaren tarihin da Uwar Kwali ba ta cika so a tayar ba. Tun a 1880 ɗan kasuwar Amurka F. W. Woolworth ya fara sayar da ƙwallayen Jamus a kantinsa na kayan araha, inda ake cinikin senti biyar da senti goma, ya karɓe su yana ɗari-ɗari, suka ƙare cikin 'yan kwanaki, daga baya ya riƙa shigo da su da yawan gaske. Wato mai yiwuwa ƙwallon ya ƙetaro teku da gaske, amma a cikin kayan ɗan kasuwa, kakar kuma a bakin titi ta saye shi. Ko da hakan ta tabbata, babu abin da ya rage masa, don ba don tekun ake riritta shi ba, don hannayen da suka rataye shi sama da shekara ɗari ne.

Ta biyu ta fi kowa taurin kai, ita ce Uwar Gwani. Ɗanta ya dawo daga makarantar rainon yara yana ɗan shekara huɗu da wani abu a hannu: an kwaɓa fulawa da gishiri da ruwa, an danna tafin hannunsa a kai, an gasa, an huda da tsinke an zura zare. Ko kuwa tauraro ne na kwali da aka manna wa makaroni da gam, aka fesa masa ruwan zinare, yanzu makaroni uku sun faɗi, an bar tabon gam kamar giɓin haƙori. Yaron yau shekarunsa arba'in da biyar, ya yi sanƙo, yana shugabantar wani ofis, yana kuma roƙon uwarsa kowace shekara ta rufa masa asiri a gaban matarsa. Ita kuwa a reshen da ke daidai idon mai shigowa take rataye shi. So hana ganin laifi, za a ce. Amma kafin a yi mata dariya, a tuna cewa ita ce ke kan asalin al'adar. Wani rubutu na 1605 daga birnin Strasbourg ya bayyana bishiyoyin da aka yi wa ado da furannin takarda da tuffa da kayan zaƙi, duk abin da hannu ke yi a gida ko a ɗauko daga kicin. A Amurka gugguru ake zurawa a zare, a Yukren ana yin gizo-gizo da saƙarsa da karan hatsi ko takarda. A Denmak kuwa zuciya ake saƙawa da takarda kala biyu, kuma mafi tsufa da aka sani marubucin tatsuniyoyin nan Hans Christian Andersen ne ya yi ta a shekarun 1860. Tana nan an adana ta a gidan tarihinsa da ke Odense, ko maratayi ba ta da shi. Idan ƙasa guda za ta killace guntuwar takardar da ba ta ratayuwa saboda hannun da ya saƙa ta, da wane baki za a ce wa Uwar Gwani ta jefar da makaroninta?

Abokiyar gabar waɗannan biyun ita ce 'Yar Tsari. Ta ga hoto a mujalla ko a waya, ta yanke hukuncin cewa bana fari da ruwan azurfa kawai za a gani a bishiya, ƙwallaye girma ɗaya, tazara ɗaya. Ita ma tana da kakanni. A 1848 jaridar Illustrated London News ta buga zanen Sarauniya Biktoriya da mijinta Yarima Albat da 'ya'yansu sun kewaye bishiya a fadar Windsor, masu hali a Ingila suka ce su ma sai irinta. Bayan shekara biyu wata mujallar mata a Amurka, Godey's Lady's Book, ta sake buga zanen, amma ta cire wa sarauniya kambinta, ta aske wa yarima gashin baki, don su yi kama da iyalin Amurka. Kwaikwayon bishiyar wasu, ke nan, ya girmi wayar hannu nesa ba kusa ba. Abin lura shi ne yadda 'Yar Tsari ke yi da tauraron makaroni. Ba ta jefa shi a kwandon shara, ba za ta iya ba. Korarsa take yi zuwa bayan bishiya, ɓangaren da ke fuskantar bango, ko ta sayi wata 'yar ƙaramar bishiya ta kai ɗakin yara ta tara 'yan gudun hijirar a can. Wanda ya tabbata abu shara ne ba ya gina masa sansani. Kafin gari ya waye kuma, wani hannu da ba a san na wane ne ba zai dawo da tauraron gaba.

Akwai Maigida Bakanike, wanda ke cewa shi duk wannan bai dame shi ba. Shi ne za a samu ƙarfe goma sha biyun dare a durƙushe yana warware igiyar fitilu da ta cukurkuɗe, yana gwada ƙwai ɗaya-ɗaya, domin a tsofaffin igiyoyi ƙwai guda ya mutu duk layin ya ɗauke. Wahalar tasa ta samo asali daga 1882, lokacin da Edward Johnson, abokin aikin Thomas Edison, ya kunna ƙwayaye tamanin masu ja da fari da shuɗi a bishiyar gidansa a New York. Sabuwar igiya ba ta kai kuɗin abincin rana ba, amma ba zai saya ba. Shi ne kuma ya manna kan mala'ikan saman bishiya har sau uku, ta yadda yanzu wuyansa ya karkace kamar mai sauraron gulma. Ita kuwa kyanwar gidan, wadda ta jawo aikin, tana kwance tana auna reshe na gaba.

Sai Malamin Al'ada, wanda ya fi kowa sanin abin da ba haka yake ba. Yana da kokwambar gilashi koriya, irin wadda ake jiƙawa a ruwan tsami, yakan ɓoye ta a cikin rassa, yaron da ya fara ganowa ya samu ƙarin kyauta. Zai gyara murya ya ce tsohuwar al'adar Jamusawa ce. A 2016 kamfanin jin ra'ayi na YouGov ya tambayi Jamusawan, kashi 91 cikin ɗari suka ce ba su taɓa jin labarinta ba. A nan ne mai suka zai ɗaga hannu ya ce: to ga shi nan, idan ƙwallon kaka daga kanti yake, kokwamba kuma ƙage ce, ashe duk kwalin ƙarya ce aka nannaɗe da jarida. Sukar tana da ƙarfi, amma ta saɓa saiti. Kwalin ba kotu ba ne da za a nemi shaidu. Gidan da aka shekara talatin ana farautar kokwamba, yaran da suka yi dambe a kanta suka girma suka koya wa nasu, to a gidan nan al'adar ta tabbata, ko Jamus ta sa hannu ko ba ta sa ba. Kuskuren Malam ɗaya ne, da yake zaton sai ya aro wa abinsa kakanni daga ƙetare kafin ya yi daraja.

Suka ta biyu ta fi cizo, wato cewa duk lamarin kasuwanci ne, kuma shaidarta shi ne Mai Tarawa. Tun da kamfanin Hallmark ya fara fitar da jerin kayan adonsa na shekara-shekara a 1973, aka samu mutanen da ke sayen kowane sabon fitowa, su ajiye shi a kwalinsa ba tare da sun ɓare ba, don kada farashi ya faɗi. Gaskiya ne kuma cewa kaso mai tsoka na kayan Kirsimetin duniya daga masana'antun birnin Yiwu na ƙasar Sin yake fitowa. Ban musa ba. Amma a dubi abin da kamfani ke bugawa a jikin hajarsa: shekara, da gurbin rubuta sunan jariri ko na ango da amarya. Wato ya gane cewa roba ba ta da kasuwa sai an jingina ta da wani, yana ƙoƙarin sayar da abin da Uwar Gwani ta samu kyauta. Su kansu masu tarawa, me suke nema ido rufe? A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu ƙarfe ya yi wuya a Amurka, sai kamfanin Shiny Brite ya riƙa fitar da ƙwallaye ba ruwan azurfa a ciki, da maratayin kwali ko takarda a maimakon na ƙarfe. Kayan babu ne, na rufin asiri, amma yau ana farautarsu saboda wannan naƙasar, don ita ce ke faɗin zamanin da suka fito. Cikin duk mutanen nan Mai Tarawa ne kaɗai nake tausaya wa. Yana da ɗari biyar, babu ɗaya da yaro ya taɓa yarwa aka yi kuka.

Shaida mafi ƙarfi ba ta bayyana sai Uwar Kwali ta rasu. Magada za su raba gida da mota da kuɗin banki a gaban lauya, kowa ya sa hannu cikin mutunci, sannan a zo kan mala'ika mai karkataccen wuya a daina gaisawa. Babbar 'ya za ta ce ita ta yi jinya, autan zai ce shi aka saba ɗagawa sama ya ɗora shi, na tsakiya kuwa, wanda bai ce uffan ba, tuni abin yana cikin jakarsa. Ko tun kafin rasuwar ma bishiyar tana aikin rajistar iyali. Amaryar da aka auro takan zo da nata guda biyu ko uku daga gidansu, kuma reshen da uwar miji ta ba su ya fi duk wani jawabin maraba faɗin gaskiya: a sama kusa da tauraro an karɓe ta, a ƙasa inda wutsiyar kare ke kaiwa da sauran aiki. Na yarda da masu cewa wannan gado kan zama kaya. Matashin da ke hayar ɗaki ɗaya a Landan ba shi da inda zai kai kwali shida, kuma ba kowane ƙyalle ne ya cancanci a mayar da shi kayan tarihi ba. Sai dai a lura da yadda yake tankaɗe: ƙwallaye masu sheƙi da aka saya a dozin su yake fara bayarwa sadaka, tafin hannun fulawa da gishiri kuwa ya naɗe shi a safa ya tura ƙasan akwati.

A Ingila ranar 5 ko 6 ga Janairu ake sauke kayan, a mayar da kowanne cikin jaridarsa, kwali ya koma silin. Saboda haka mai karatu, idan karatu ko aiki ya kai ka can, maƙwabci ya gayyace ka gidansa kafin wannan rana, kada ka ɓata yabonka a kan ƙwallayen da ke walƙiya. Nemi wanda ya fi muni, ka nuna shi da baki ba da hannu ba, ka tambayi wanda ya yi shi, sannan ka ja kujera ka zauna, don amsar ba gajera ba ce.